Tabon da Na Bari a Bindigar Baba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abba, mai sunan Baba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Bungudu lafiya, Ya tsare maka hanya gaba da baya, Ya kau da idon mugu daga kanka da daga amanar da aka danƙa maka. Innarka tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka yajin daddawa yana can ƙasan jakar tufafi, kada ka fito da shi gaban abokan aiki tun ranar farko. Na isar da saƙo.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ake tsokana a kasuwar Gusau wai in na buɗe baki ko kurma sai ya sayi keken ɗinki. To, abin da ya sa ke nan. Shekara talatin ina sayar da tsofaffin kekuna, na ɗinki da na hawa, na san halin bakina. In aka ba shi magana mai nauyi sai ya yi mata kwalliya, ya mai da ta raha, a tashi ana dariya ba a faɗi komai ba. Alƙalami bai iya wannan wayon ba. Shi ya sa na rubuta, na naɗe, na sa maka cikin dogon akwatin nan, kusa da kwalbar mai.

Bindigar da ke cikin akwatin, mai baki ɗaya, ka san ta kakanka ce, kuma ka san Baffanka Lawali, yayana, shi ya ba ka ita saboda aikin da ka samu na kula da gonar shinkafa da masara a bakin gulbi, inda birai da gadu ke ɓarna. An yi takardarta da sunanka, alhamdu lillahi. Yanzu ɗauko ta. Karya ta, wato ka buɗe ta daga gaɓarta, ka leƙa, ka tabbata babu harsashi. Ko ni na ba ka ita da hannuna na rantse maka ba kome a ciki, leƙa. Sannan dubi gefen hagu na bututun, kamar taƙi guda daga ƙota. Za ka ga wani wuri ya yi fari-fari, da 'yan ramuka kamar fuskar mai zanzana.

Ka taɓa tambayata mene ne wannan, na ce maka kura ce ta ciji bindigar ranar da suka yi arangama da kakanka a bayan Dutsen Kwatarkwashi. Ka ji daɗin labarin har ka kai shi makaranta. To, Abba, ba kura ba ce. Ni ne.

Amma bari in faro daga farko, don ban kai ga wannan tabon rana ɗaya ba.

Kakanka yana da wata doka a gidanmu na 'Yandoto: bindiga ke fara cin abinci. In ya dawo daga daji, ruwa kawai zai sha, in lokacin salla ya yi ya yi sallarsa, amma hannunsa ba ya shiga akushi sai ya zauna kan buzu ya goge ta tas ya shafa mata mai. Kakarka ta yi mita har ta gaji. Tana cewa, "Malam, tuwon nan zai sandare." Shi kuwa sai ya ce, "Tuwo in ya huce a ɗumama. Wagga in ta kwana da ruwa babu mai ɗumama ta."

Ranar da ya fara yarda in fita da ita ni kaɗai, ina da kamar shekara ashirin, na yi sammako zuwa fadama. Raɓa har ƙugu. Na dawo da fakara biyu, ina tafe ina buɗa hammata don duk 'yan unguwa su gani. Ina shiga gida na tarar an dama fura da nono mai kauri. Abba, ka san ni da fura. Na zura bindiga cikin kubenta na fata da lemarta da kome, na rataye, na ce in na sha sai in dawo kanta. Daga fura sai labarin yadda na harbo fakarun, wanda kowane faɗi sai sun ƙara nisa. Na manta.

Bayan kwana biyu Baba ya zare ta. Duk jikinta jajayen ɗigo, kamar an barbaɗa mata barkono. Bai doke ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya dai dube ni ya ce, "Sani, kai ka sha fura, ita ka bar ta tana cin kanta."

Ga abin da nake so ka ɗauka. Duk ranar da ka fita da ita, ko ba ka yi harbi ba, ko ba a yi ruwa ba, ta jiƙe. Raɓa ruwa ce, hazon gulbi ruwa ne, zufar hannunka kuwa ta fi su duka, don ita da gishirinta take zuwa. Kana dawowa, cire harsashi, ka raba ta uku: bututu, ƙota da katakon gaba, don ƙarƙashin katakon nan ruwa ke laɓewa. Goge ko'ina da busasshen tsumma na auduga. Bar ta ta sha iska a inuwa, ba a rana ba, ba kusa da murhu ba, kada katakon ya tsage. Ɗaura tsumma a siririyar sandar gezar da ke cikin akwati ka zura ta cikin bututun har sai ya fito fes. Sannan mai. Kube kuwa na tafiya ne, ba na kwana ba. Fata tana riƙe danshi kamar yadda 'yar tsohuwa ke riƙe magana. Kuma ka tuna 'Yandoto tudu ce in aka gwada ta da inda za ka zauna. A bakin gulbi, lokacin marka, ko allura ka ajiye sai ta yi ja.

Da na ce mai, kada ka ce mai ai mai ne. Ni na faɗi haka, na ga sakamako. Wata shekara Baba ya yi jinyar ƙafa wata biyu, ya bar mini shafa ta. Man da yake amfani da shi ya ƙare, ƙiwa ta hana ni zuwa Tsafe in sawo, sai na lallaɓa madafi na tsiyayo man gyaɗan kakarka. Na zuba shi a wadace, don a lissafina in kaɗan yana da kyau, da yawa ya fi. Ta yi ƙyalli kamar amarya. Kafin wata ya zagayo man ya daskare ya zama danƙo, yana wari, kunamar bindigar ta yi nauyi, ga kiyashi sun yi jerin gwano a bango suna zuwa walima. Kakarka ce ta tona ni. Ta ce ita dai ta san manta bai da ƙafa, amma ga masu ƙafa nan suna nuna inda ya tafi. Dubi wuyan ƙotar, za ka ga ya fi sauran baƙi. Man da na malala ne ya gangara katako ya sha. Wannan ma ni ne, sai dai ƙarami ne.

Saboda haka ban da man gyaɗa, ban da manja, ban da man kaɗe, ban da baƙin man da makanikai ke juyewa daga inji. Na sa maka man keken ɗinki, mai kyau, ba irin wanda nake tura wa masu taurin ciniki ba. Ɗigo uku ko huɗu a tsumma sun isa jikinta duka. Ta yi sheƙi, kada ta yi naso. In za ka rataye ta, bakinta ya dubi ƙasa, don ragowar mai ya bi ta can, kada ya koma wa katako. Kada ta jingina da bangon ƙasa, kada ta zauna kusa da randa. Kuma kafin ka sa mata harsashi, kullum ɗaga bututun ka hangi haske ta ciki, don zanzaro ba ya neman izini kafin ya yi gini, kuma bututun da ya toshe a hannun mai shi yake fashewa. In wata rana ka hango ramuka a cikin bututun, ba a waje ba, kada ka ƙara harba ta sai wanda ya san aikin ya duba.

To, yanzu ga kurar.

Bayan rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa, bindiga ta zauna wurin Baffanka, don shi ya riƙe gona, ni kuwa na riga na koma Gusau na buɗe shago. Ya ci gaba da dokar Baba ba fashi. Wata damina, lokacin daji yana lafiya mutum na iya yini a cikinsa ba fargaba, wasu manyan abokan cinikina suka shirya fita neman zabin daji wajen Ruwan Bore. Akwai wani Alhaji mai motocin haya, akwai shugaban telolin layinmu. Ni kuwa na sha cika musu baki cewa ni ɗan maharbi ne, a gidanmu yaro da ƙarar bindiga ake yaye shi. Ka ga ba dama in je hannu rabbana.

Na hau mota na tafi 'Yandoto aro. Baffanka bai so ba, na gani a fuskarsa, amma na yi ta zuba har ya gaji. Ya miƙo ta ya ce, "Ka dai tuna wa ka fara cin tuwo."

Na ce, "Haba Yaya, ni za a koya wa?"

Tun nan ka ɗauki darasi guda kyauta: kada ka ba da aronta. Ko ni na zo, da wannan bakin nawa, ka ce mini a'a. Takarda sunan mutum ɗaya ke kanta, kuma mai aro ba ya jin zafin kaya.

Mun fita. An samu zabo ɗaya tak, kuma tunda yau ranar gaskiya ce, ba ni na harbe shi ba. Ni dai na ɗaga shi sama ina kirari, jininsa yana bin hannuna yana sauka kan bututun. Jini kuwa ya fi ruwa saurin cin ƙarfe. Wajen la'asar hadari ya taso, aka tsuge da ruwa. Muka fake a bukkar wani manomi. Don in nuna ni mai kula ne, na roƙe shi buhu in rufe bindiga kada ta ƙara jiƙewa. Bawan Allah ya zazzage wani buhu ya ba ni. Na zura ta, na ɗaure baki tamau, ina jin kaina mai dabara. Buhun takin zamani ne. Ka yi karatun noma, ka fi ni sanin abin da taki ke yi wa fartanya in ta kwana cikinsa. Gishiri ƙaninsa ne.

Na dawo Gusau a gajiye, na tura buhun bayan kawunan kekuna a shago, na ce sai da safe. Da safe kuwa saura mako biyu Salla. Teloli suka yi mini caa, wannan allura, wancan ƙoshiya, wancan kekensa na tsallake ɗinki kuma ga kayan mutane jibge. Ina tuna buhun, ina cewa anjima. Sai bayan Salla da mako guda na kwance shi.

Abba, ga abin da na tarar. Gefen da ya kwanta cikin buhun ya yi ja wur, ya tashi ɓawo-ɓawo, kamar duk dattawan kasuwa sun taru sun tofa mata goro.

A nan ne nake so ka buɗe kunne, don har zuwa wannan lokacin laifina sakaci ne kawai. Da na ɗauke ta haka nan na kai wa Baffanka na ce ga abin da na yi, zai yi faɗa, ya yi kwana uku ba ya dubana, sannan mu zauna mu gyara. Amma sai ɗan kasuwar da ke cikina ya farka. Ya ce, Sani, kekuna nawa suka zo maka da tsatsa suka fita kamar yau aka sauke su daga jirgi?

Na ɗauko sanfefa, takardar yashin nan ta kafintoci, na hau gurza. Jan ya tafi kam. Amma baƙin ma ya bi shi. Wannan baƙin da kake gani a jikin bindiga ba fenti ba ne. Tun a masana'anta ake gasa shi a jikin ƙarfen, siriri ne kamar fatar albasa, kuma shi ne rigarta. In ya tafi ya tafi. Na tsaya ina kallon farin wuri kamar tafin hannu, da ramuka a tsakiya. Sai na jawo gwangwanin baƙin fentin da nake wa kawunan kekuna, na shafa. Da ya bushe na ga ya cika ƙyalli, sai na bi shi da man takalmi da ɗan toka don ya tsufa. Aikin ya yi kyau, wallahi. Har yau in na tuna sai in ji wani ɗan alfahari ya motsa, Allah Ya yafe mini.

Na kai ta ranar Juma'a bayan an sauko, da ƙwaryar goro. Baffanka yana zaune a zaure. Na miƙa masa ina ta surutu, ina ba shi labarin zabi goma sha. Bai ko dube ta ba. Ya kai ta hancinsa ya sansana. Sannan ya bi bututun da babban yatsansa a hankali, tun daga baki, har ya zo wurin, ya tsaya. Ya sa farce ya ɗan kankara. Ya dubi farcen.

Ya ce, "Mi kas shafa mata?"

Na ce, "Ɗan gyara ne, Yaya. Ai ka san damina."

Ya ce, "Tsatsa ba ta ba ni haushi ba, Sani. Ƙarfe ne, ruwa ne, sun saba. Amma ni ma ciniki kaz zo yi da ni?"

Maimakon in yi shiru, sai na faɗi abin da ya fi fentin muni. Na ce in dai don wannan tsohuwar bindiga ce, ya kwantar da hankalinsa, zan sawo masa sabuwa mai baki biyu.

Ya ce, "To. Sawo mani wadda Baba yar riƙa."

Sai ya ɗaga murya ya kira matarsa, ya ce, "Asabe, kawo mishi tuwo nai daban. Baƙo muka yi."

Ni da shi tun muna yara akushi ɗaya muke ci. Ranar aka ajiye mini nawa ni kaɗai, da murfi, da ruwan wanke hannu, kamar wani jami'in gona. Ban taɓa cin tuwo mai wuyar haɗiya irin wannan ba.

Shekara goma sha bakwai, Abba. Ka taso kana ganin muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, lafiya lau, lafiya lau, ina gida, ina iyali, kowa ya kama gabansa. Kana tsammani haka Baffanka yake, mutum marar son magana. Ba haka yake ba. Ya fi ni ban dariya in ya saki jiki.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na aika masa keken hawa. Da za a kai 'yarsa ɗaki na aika keken ɗinki, sabo, ba gyararre ba. Kowace azumi sai na aika sukari da gero. Kowanne ya karɓa, ya aiko a yi mini godiya, irin godiyar da ake wa baƙo. Wata rana ina ƙorafi a gida, ina cewa me kuma mutumin nan yake so, Innarka tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Kai dai fenti ka iya." Na yi fushi na fita.

Ka riƙe wannan. In ka yi wa mutum laifi, kyauta ba ta cire shi, rufe shi take yi, yana nan a ƙasa yana ci. Za ka zauna da mai gona, da leburori, da maƙwabta masu dabbobi, wata rana kuma da iyali in Allah Ya kawo. Za ka yi kuskure, don kai ɗana ne. Ranar da iri ya lalace a hannunka, ko injin ban ruwa ya ƙone saboda ka manta duba mai, je ka faɗa da bakinka kafin a gano. Kalma uku ce, na yi laifi. Na fi kowa sanin tsadar kaya, ban taɓa ganin abu mai araha da mutane ke tsoron saye kamar wannan ba.

Watan jiya, da labarin aikinka ya kai 'Yandoto, sai ga kiran Baffanka a waya. Ya ce in zo. Bai ce don me ba. Na tarar da shi a zauren nan dai, kan buzun Baba, bindiga a cinyarsa. Yanar ido ta rufe masa gani, yanzu sai dai ya ga inuwar mutum. Fentina ya daɗe da cire shi da kananzir, ya bar farin wurin a fili yana shafa masa mai duk shekarun nan, shi ya sa ramukan ba su ƙara zurfi ba. Amma bana wasu sababbin ɗigo sun fito kusa da baki. Yatsansa yana jin su, idonsa ba ya ganin iyakarsu.

Ya ce, "Zamna." Na zauna. Sai ya ɗora mini ita a hannu. Rabon da in taɓa ta tun ranar nan.

Ga yadda ya sa na yi, kai ma haka za ka yi in tsatsa ta zo. Ka ɗiga mai a kan wurin, ka bar shi ya jiƙu. Mu tun azahar muka ɗiga, ba mu taɓa ba sai da muka yi la'asar. Sannan ya ciro wani tsohon kwabo na jan ƙarfe daga aljihu, na Baba ne. Jan ƙarfe ya fi ƙarfen bindiga taushi, yana ɗauke tsatsa ya bar baƙin. Da gefen kwabon za ka riƙa bi a hankali, cikin mai, kana gogewa da tsumma. Tsumman zai yi ja. Ka sake ɗiga mai, ka sake bi. In ba ta fita yau ba, gobe ma rana ce. Ban da sanfefa, ban da soson ƙarfe na wanke-wanke, ban da toka da yashi, ban da lemun tsami, kome wani gwani zai gaya maka a tasha. In ta bar rami, ka bar ramin, ka dai hana shi ƙishin mai.

Hannuna na ɗan kasuwa ne, yana son a gama a karɓi na gaba. Da na fara sauri, ta ƙarar kawai ya gane. Ya ce, "A hankali, Sani, ba ƙonon tukunya kake kankara ba."

Ina cikin bi, kaina a sunkuye, sai na ji bakina ya faɗa, ba kwalliya ko ɗaya. Na ce, "Yaya, na yi laifi. Na ɓata ta, na rufe, na yi maka ƙarya. Ka yafe mini."

Ya miƙo yatsa ya shafa wurin da nake bi. Can ya ce, "Shekara goma sha bakwai tana jiƙe cikin mai, ai dole ta fita da sauƙi." Sai ya ɗaga murya: "Asabe, kawo muna tuwo. Akushi guda." Na kai hannu zan ajiye bindiga, ya buge mini hannu. Ya ce, "Kai! Wa ka fara ci?" Sai da na gama, na goge, na shafa mata mai, sannan muka ci. Tuwon ya huce sarai. Ban ce a ɗumama ba.

Amma kada ka ɗauka an gama, don Baffanka ba ya sayen kaya bai kwance ƙulli ba. Da zan tafi ya ce, "Kai wa mai sunan Baba. In anka yanke shinkafa ina zuwa Bungudu in bi ta da yatsana. In na ji santsi, na san gidanka ya gyaru. In na ji fenti, in ɗauko abata, in san hali gado ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Kai za ka kai ni, tunda ba ni gani."

Ka ji inda maganar take. Abin da na yi shekara goma sha bakwai ina nema yanzu yana rataye a ɗakinka, bakinsa na duban ƙasa. Ban ɗora maka don in tsorata ka ba. Na san ka. Kai ne kake wanke fartanya kafin ka wanke ƙafarka, wannan kuwa ba daga wurina ka gado shi ba. Kuma ka lura da abin da ya ce: fenti ya ambata, bai ce tsatsa ba. Tsatsa za ta zo, bakin gulbi ne. In ta zo ka yi mata abin da na faɗa, sannan ka kira shi a waya ka ce, Baffa, ɗigo biyu sun fito a wuri kaza, ga abin da na yi. Tabon da aka riga aka gaya masa ba ya ɓata masa rai. Zai ma ji daɗi, ya samu abin yi maka faɗa a kai.

Saura abu ɗaya, kuma ya fi duk na sama. Wannan bindiga ta birai ce da gadu. Ba ta mutum ba ce, ba ta biki ba ce, ba ta hoto a waya ba ce. Ka san zamanin da muke ciki. Kada ka yi yawo da ita, kada ka yi zancenta a majalisa, ka kulle ta, harsashi kuma a wani wuri daban inda hannun kowa ba ya kai. In ka ji abin da bai kwanta maka ba a daji, ba aikinka ba ne, sanar da hukuma ka kama hanyar gari. Shinkafa ana sake shuka ta. Na yi cika baki sau ɗaya da bindigar nan, ka ga abin da ya jawo, kuma wannan zabo ne kawai.

Farin wurin nan kuwa kada ka yi ƙoƙarin gyara shi. Shafa masa mai, ka bar shi a fili. In Allah Ya ba ka ɗa ya tambaye ka, ka ƙyale kura ta huta, ta daɗe tana ɗauke da laifin da ba nata ba. Ka ce kakansa Sani ne, ka gaya masa yadda aka yi.

Kwabon yana ƙulle a bakin tsumma, cikin akwati. Baffanka ya ce in ba ka. Ni ko aronsa bai ba ni ba.

Na riga na yi magana da direban da zai kai mu in kaka ta yi. Na ce masa gidan gaba na mutum biyu ne, ni da yayana, kuma kada ya yi gudu, muna da hirar shekara goma sha bakwai. Kai dai ka tanadi tuwon sabuwar shinkafa, akushi guda, babba. Mun san wadda za ta fara ci, za mu jira.

Allah Ya tsare ka a gona da gida, Ya tsare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya ba da damina mai albarka, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ƙara wa Baffanka lafiya, Ya nuna mana kaka da rai. Allah Ya yi maka albarka. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sani mai kekuna, Gusau.